Hancin Ɗan Mai Turare

Kafin ka kai hannu ga kwalbar can mai hoton ƙoƙon kai, malam sabon shiga, ja kujera ka ji labarin wani da ya fi ka hanci, ko da yake naka ma ba laifi, Allah ya yi masa tsawo.

An yi wani ɗan mai turare da ya tashi a rumfar ubansa, tsakanin miski da sandal da kajiji. Tun bai iya ɗaura wando ba ya iya sunsuna. A rufe masa ido a miƙo kwalba, zai ce wannan an surka, wancan ya wuni a rana. Boko ta ɗauke shi ta kai wani gari mai nisa, ta ajiye shi a ɗakin binciken halittu, inda ake niƙa ganye da tsoka don a fitar da furotin ɗinsu. Matarsa kuwa tana gida wajen mahaifiyarsa, da juna biyu. Sauran baƙi in kewa ta taso musu waya suke ɗauka, shi hancinsa ne motarsa. Hayaƙin ƙirya daga wani lungu ya isa ya sauke shi a madafin uwarsa. Ƙamshin ƙasa a ruwan fari ya mayar da shi zauren gidansu, har ya ji takun matarsa tana kwashe shanya. Da haka yake zuwa gida kullum bai taka tasha ba, yana kuma yi wa abokan aiki dariya wai su hancinsu na ado ne.

To, a ɗakin binciken akwai wani farin gari, ka ce gishiri, alhali mugun dafi ne. Da zarar an niƙa tsoka, akwai wasu sinadarai a cikinta da ke tashi su cinye furotin ɗin da ake nema, kamar gara ta samu zana. Garin nan shi ke ɗaure musu baki. Sai dai abin da ya ɗaure bakin gara ba zai ji kunyar naman mutum ba. Shi ya sa ba a buɗe shi sai da safar hannu da tabarau da takunkumi, kuma a cikin akwatin gilashin nan mai zuƙe iska ya fitar waje. A sifirit, irin wanda ake goge wurin allura da shi, ake narka shi, don ruwa na kashe masa ƙarfi, ragowarsa ma sai an kashe ta kafin a juye a mazubin dafi. Ɗan mai turare ya san duk wannan, har shi ke koya wa wasu.

Wata damina ya tarar garin ya dunƙule a gindin kwalba, alamar danshi ya shiga. Da sauran ƙarfinsa ko ya mutu? Ƙa'ida ita ce a ture wannan gefe a buɗe sabuwa. Amma mai riƙe da mabuɗin sito ya fita, tsoka kuma na kan ƙanƙara tana jira. Ba ma shawara ya yi ba. Hannun nan da ya saba da kwalaben rumfa shi ya ja takunkumi ƙasa, ya girgiza kwalbar, ya kai ta hanci, aka ja numfashi irin na gwanaye. Ashe garin da ransa. Ya ji kamar an hura masa garwashi har cikin ƙwaƙwalwa. Abokan aiki suka janye shi zuwa iska, suka yi ta kwarara masa ruwa a ido da fuska, suka wuce da shi asibiti. Likita ya ce ya auna arziki, huhu ya tsira. Kumburi ya sace, tari ya tafi, amma jin ƙamshi ya ɗauke, bai dawo ba.

Daga nan ya zauna a duniya kamar wanda ke kallonta ta bayan gilashi. Tuwo ya zama laushi kawai, shayi ya zama zafi kawai. Ruwa ya sauko, yana tsaye a taga yana ganin ƙasa tana jiƙewa, ba abin da ya zo ya ɗauke shi. A lokacin ne ya san garin da yake zaune da nisa yake da gida. Da matarsa ta sauka ya tafi suna, ba wanda ya faɗa wa a gida cewa hancinsa ya mutu. Uwarsa ta miƙo masa jaririya a naɗe cikin zani ta ce, “Ungo, ɗan nan, sunsuna kanta ka ji. Wannan ko babanka bai taɓa sayar da irinsa ba.” Ya sunkuya ya ɗora hanci a maɗigarta, ya ja, ya sake ja. Ɗumi kaɗai ya ji, da ɗan bugun da ke motsi ƙarƙashin gashinta. Ya ce, “Akwai ƙamshi, Inna.” Bai ɗago kai ba sai da aka karɓe ta. Har yau kuma, duk abin da aka miƙa masa, ko lemo ne ko rigar ’yarsa, hanci yake fara kai wa, sannan ya tuna.

Saboda haka ja takunkuminka sama, ka shigar da kwalbar nan cikin akwati, hancin naka ka bar shi ya yi zamansa inda aka ɗaure shi. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce, sabo turken wawa.