Da Awon Wa Aka Gwada Rigar?

"Yaya, sake gwadawa," na ce, ina jijjiga 'yata a baya.

Yayana injiniya ne, aikinsa lissafa ko harsashi zai huda rigar sulken sojoji. Ya danna kwamfutarsa. Harsashin ya taho a allon, ya daki farantin sulken da ke kare ƙirji, ya tsaya cak.

"Sau biyar ke nan, Auta. Kin fi shugabana naci! Rigar da aka raba wa bataliyar mijinki lafiyarta ƙalau."

Na kasa zama. "Da awon wa ka gwada?"

"Na soja mana. Ƙato irin mijinki, mai ƙirji kamar ƙofa."

"Idan mai rigar siriri ne fa, ta yi masa yawa?"

"Sai farantin ya zame, gefen zuciya ya buɗe. Amma wa zai tura siriri can?"

Na ajiye takarda a gabansa. Bataliyar na buƙatar ma'aikaciyar jinya irina, ranar Litinin za su tashi. Mijina kuwa yana cikin masu zama a bariki.

Yaya ya daɗe yana kallon sunana a takardar. Ya jawo tef ɗin awo.

"Sauke yarinyar," ya ce. "Ɗaga hannuwanki."