Turaren Gwaggo Laure

Tun shekarar da iskar waje ta gurɓace aka toshe tagogin gari, kowane gida da na'urarsa a bango: jan maɓalli na ɗumi, shuɗi na sanyi, fari na sabuwar iska. Gwaggo Laure, da ta zo yi wa Murja zaman jego, jan ta riƙe. Ta gasa ɗakin maijego har maigidan ya gudu falo yana fifita.

Abu ɗaya ke ci mata tuwo a ƙwarya. Da ta zuba turaren wuta a kasko, sai na'urar ta zuƙe ƙamshin tas.

"Ɗakin jego ba ƙamshi? 'Yar nan, kashe mini farin nan."

"Gwaggo, minti biyar fa aka yarda. In ya wuce, numfashi nauyi yake yi."

"Biyar ɗin sun ishe ni."

Murja ta danna, idonta na kan agogo. Hucin bangon ya ɗauke, hayaƙi ya kewaye gadon a hankali. Jaririyar ta yamutsa hanci, ta yi atishawa.

Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya. "Madalla! Ko ba komai, ta san ƙamshin gidansu."

A minti na huɗu, Gwaggo da kanta ta miƙa hannu ta danna farin.