Mai Rariya a Ƙofar Birni

Tanimu, tun da ka zauna sunan mutum ɗaya kake ta tauna, har shayinka ya huce. Bari in ba ka wani misali, in ya so ka ci gaba.

An yi wani birni a gindin duwatsu da ya daɗe yana yaƙi da wasu halittu, ana ce musu Masu Aron Fuska. Sukan zo da kamannin wanda ka fi ƙauna, da muryarsa, har da irin tarinsa. Ido suke ruɗa, amma ba sa iya ruɗa ƙasa: duk inda suka taka, sawun kofato ke fita. Mai tsaron ƙofar birnin wani tsohon mayaƙi ne mai ido ɗaya, marar yawan magana. Kullum da sassafe yakan tankaɗe yashi da rariya ya shimfiɗa a bakin ƙofa, kuma ba mai shiga sai ya sauka ya taka yashin nan da ƙafarsa, ko da sarki ne. Shekara talatin yana wannan aiki bai yi fashi ba. Saboda haka duk kaka sarki yakan aika masa da damin gero na farko, kafin na kowa.

Damin nan shi ya hana wani barde sakat. Barden ba ƙaramin mutum ba ne, ya ci yaƙi tara, rumbunansa sun fi goma, ba gero yake nema ba. Amma duk shekara in ya ga an wuce ƙofar gidansa da damin nan, sai tuwo ya daina yi masa daɗi. Yana ƙin tsohon, yana ƙin rariyarsa, ya fi ƙin ranar da ya dawo daga yaƙi jina-jina aka ce ya sauka ya taka yashi kamar mai tallar itace. A ransa yakan ce, mu da zubar da jini, mai tankaɗe da cin yabo? Ka san hassada ba ta duba abin da ke hannunta, na hannun wani take ƙirgawa.

Ya yi ta tone-tone har ya samu abin da yake so a bakin wani tsohon makaɗi. Ashe shekara talatin da suka wuce, ranar da Masu Aron Fuska suka shiga birni suka kashe mutum arba'in, ba ɓalle ƙofa suka yi ba kamar yadda kowa ya ɗauka. Wannan mai tsaron ne ya buɗe, don ya ji muryar ɗansa da ya ɓata a daji tana kiransa Baba. A ranar ya rasa idonsa, kuma tun ranar bai ƙara yin barcin kirki ba. Barde ya riƙe maganar kamar ya tsinci zinariya. Bai faɗa ba sai ranar rabon dami, a gaban jama'a, da murya mai ƙarfi.

Tsohon bai yi musu ba. Ya ce, "Gaskiya ya faɗa, ranka ya daɗe. Ni na buɗe." Sarki ya karɓe mabuɗi ya ba barde, ya ce a fitar da tsohon bayan ganuwa. Abu ɗaya ya roƙa a bar masa, rariyarsa.

Barde ya soke taka yashi tun ranar farko, ya ce idonsa biyu ne, sun ishe shi. Shi kuwa tsohon ya kafa bukka a waje, kullum da sassafe ya tankaɗe yashi ya shimfiɗa a kan hanya, nesa kaɗan da ƙofa, ba wanda ya sa shi, ba mai biyansa. Barde yana kallonsa daga kan ganuwa yana tsaki. Mabuɗi na hannunsa, amma har yanzu ransa bai yi sanyi ba.

Wata rana da hantsi sai ga wani matashi yana jan ƙafa, rigarsa duk jini. Ƙanen barde ne, wanda bai dawo daga yaƙin bara ba. Ya ɗaga kai ya ce, "Yaya, buɗe mini." Barde ya diro daga ganuwa yana kuka, ya sa mabuɗi. Sai ya ji muryar tsohon daga waje: "Barde, kada ka dubi fuskarsa! Dubi ƙasa!" Ya leƙa ta tagar ƙofa. Ga yashi nan a shimfiɗe, ga sawun kofato a jere har gindin ƙofa. Ya zare mabuɗin bai buɗe ba. Tsohon kuwa ya tsaya shi kaɗai da guntun mashi tsakanin halittar da ƙofa, har maharba suka taru a kan ganuwa suka harbe ta.

Sarki da kansa ya fita ya taka yashin, ya shigo da tsohon, ya mayar masa da mabuɗi. Ya ce wanda ya san abin da muryar nan ke yi wa zuciya shi ya cancanci ƙofa. Dangin mutum arba'in ɗin nan suka zo suka ce sun yafe. Abin da tsohon ya ɓoye shekara talatin yana cin sa, maƙiyinsa ne ya sauke masa shi, har aka ce tun daga ranar ya koma yin minshari. Da kaka ta zagayo, sarki ya ce barde ne zai ɗauki damin farko a kansa ya kai masa.

To, Tanimu, kafin ka je tona asirin mutumin nan naka, ka tuna hassada ga mai rabo taki ce.