Rigar Takarda Mai Hannu Ɗaya

Shekara uku ke nan da gwamnati ta hana ƙona wa mamata kayan takarda a Hanoi saboda hayaƙi. A al'adar garin, abin da aka ƙona yana isa ga mamaci a lahira. Yanzu mai son aika wa mamacinsa riga sai ya je ofishin unguwa, ya zaɓi hotonta a na'ura, wuta ta ci ta a allo.

Tsohuwa Lua ta ƙare wa rigunan da ke allon kallo, ta girgiza kai, ta dubi ma'aikaciyar ofishin.

"Jikata, duk hannu bibbiyu gare su. Mijina a fagen yaƙi ya baro na hagu. Duk shekara sai na yanke shi da almakashi kafin in ƙona. Ya tsani hannun riga yana reto."

Ma'aikaciyar, Tham, ta duba, ta sake dubawa. "Kaka, na'urar ba ta san mai hannu ɗaya ba."

Mutanen layi suka fara tsaki. Tham ta saci kallon kyamarar da ke sama, ta kama tafin tsohuwar ta ɗora a allon, ya rufe hannun hagun rigar.

"Kar ki ɗaga sai wuta ta cinye ta."

Wutar ta tashi. Lua ta jira zafin da ta saba ji a yatsu. Gilashin sanyi ƙalau, amma ba ta ɗaga ba.