Kunun da Ya Ƙi Tsinkewa

Kai mai son gama aiki biyu a tukunya ɗaya, gyara zama, don irin wannan misalin sai a bakina. Wata mata ce gwanar kunun zaƙi, ko sukari ba ta sawa. Ta dama gero, ta zuba niƙaƙƙen tsiron dawa ta rufe, kafin gari ya waye ya tsinke ya yi zaƙi da kansa. Mijinta kuwa ciwon suga ya raba shi da kunun, kullum sai jiƙon wani sassaƙe mai bauri da mai magani ya ba shi. Da sunan jikarsu ya zo, tsoho ya yi ta mitar shi kaɗai zai zauna yana haɗiyar yawu. Sai dabara ta faɗo mata. Ta juye jiƙon nan kaf a randar kunun suna, wai kowa ya sha zaƙi, maigida ya sha da maganinsa a ciki.

Da safe ta buɗe randa, kunu na nan kirtif kamar talge, muciya ta tsaya a ciki ƙiƙam. Ta lasa, salam. Ta ƙara tsiro, shiru. Ta zagi mai injin niƙa, ta ce randar ce, ta ce a'a, baki ne ya kama ta, ta tofa addu'a ta sake lasawa, ga 'yan suna sun fara sallama. Ta yafa mayafi a baibai ta ruga gun mai magani. Ya ce, "Ikon Allah! Baiwar Allah, a cikin tsiron nan akwai wani sinadari mai warware gari ya mai da shi zaƙi, irinsa kuma yana cikin hanjin mijinki. Sassaƙena ba shi da aiki sai ɗaure masa hannu. Kin ɗauki ɗan ƙwadago, kin haɗa shi da mai ɗaure shi, kina jiran aiki?" Ta ce, "To shi sassaƙen, a randa bai san ba cikin maigida ba ne?" Ya ce, "Ai shi ne bai sani ba." Ranar da cokali aka ci kunun gwana, mata na zunɗen juna. Maigida ma loma ɗaya ya yi ya ture kwanon, ya ce shi mai zaƙin yake so.

Ka ji dalilin da Hausawa suka ce taura biyu ba ta taunuwa.