Cikin Wata Huɗu

Likita ya ajiye takardar a kan gadona ya ce, "In ba a cire cikin nan yau ba, jinin ba zai tsaya ba. Ke ma sai mu rasa ki."

Na dubi Baba. Shekara talatin yana wa'azi a coci cewa Allah ya san mutum tun ranar da aka ɗauki cikinsa, wanda ya zubar kuwa ya yi kisan kai. A kan haka ya tarbiyyantar da mu.

"Sa hannu, 'yata," in ji shi. "Ai mutum na farko ma sai da aka hura masa numfashi ya zama mai rai. Wannan bai numfasa ba tukuna."

Na sa hannu ina kuka.

Da na farfaɗo bayan aikin, na gan shi zaune a gefen gado. Gwiwoyin wandonsa sun yi futu-futu da ƙasa.

"Baba, ina ka je?"



"Na je na binne jikana."