Inshorar da Maigidana Ya Zaɓa

Maigidana bakanike ne, kuma yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Duk abin da ya taɓa da sifana, sai ya ɗiga masa rawayan fenti kamar ƙwayar wake, don ya san hannunsa ya bi ta wurin. Yakan ce ko yana barci hannun zai yi abinsa. A gareji Mai Ɗigo suke ce masa. Har keken ɗinkina yana da ɗigo uku.

Shekara tara muna haya kafin banki ya yarda ya ba mu bashin sayen gida. Ɗaki biyu da falo, a saman tudu, daga taga kana hango titin da ya gangara har gada. Sharaɗinsu ɗaya: sai mun yi inshorar rai, yadda idan mutuwa ta zo, kamfani zai biya sauran bashin, a bar iyali a gidansu.

Mai inshora ya baje mana takardu a tebur. Akwai ta mutum ɗaya, akwai ta mata da miji, wadda ta fi tsada. Ni a aji uku na sakandare na tsaya, ƙananan rubutun nan jiri suke sa ni, sai na bar wa maigida zaɓi.

"Ta mutum ɗaya ta ishe mu," in ji shi. "Amma sa mana ƙarin nan na hatsarin mota, wanda ake biya ninki biyu."

Na kalle shi, idona ya cika. Mutumin da kullum yake kan titi yana gwada motocin mutane marasa lafiya, ashe ni da yarinyarmu yake tunani. Ya nuna mini wuri huɗu da yatsa, na sa hannu.

Bayan sati wata nas ta zo gida, ta auna ni, ta ɗebi jinina. Na ce masa, "Kai fa?"

"Ni a gareji suka same ni, telata. Ke dai miƙa hannu. Mai wuni da allura tana tsoron allura?"

Wata bakwai muka yi a gidan. Wata Asabar zan kai kayan makarantar da na ɗinka can ƙetaren gada, a 'yar tsohuwar motata. Tun gari bai gama wayewa ba ya shiga ƙarƙashinta, ya ce ya ji birki na ƙara. Da ya fito ya wanke hannu, ya karɓi yarinya daga bayana.

"Bar ta, zan ajiye ta wurin Inna. Ki bi ta gangare, ya fi sauri."

Ya ɗora ta a babur suka tafi. Ni kuma riga uku ba maɓalli, na zauna na ƙarasa. Na loda kaya, makulli na hannuna, sai waya ta yi ƙara. Dogo ne, amininsa, wanda suka koyi aiki tare. Ya ce kada in tuƙa, ga shi nan zuwa. Maigida ya yanke jiki ya faɗi a bakin gareji. Zuciya ce, in ji likita.

Wata uku ban iya kallon motar ba. Ita ce abu na ƙarshe da ya gyara mini. Na rufe ta da tsohon zanen gado, in na bi ta gefenta sai in shafa.

Da takardar banki ta biyu ta zo, na ɗauki fayil na tafi ofishin inshora. Matar da ke wurin ta daɗe tana duba kwamfuta.

"Malama, ki yi haƙuri. Ba ran mijinki aka yi wa inshora ba. Naki ne."

Na ce kuskure ne, an musanya layin suna. Maigidana da yatsa yake bin rubutu, wa zai ga laifinsa? Mai inshora na tsine wa, har sai da maigadi ya raka ni waje. A gida na ce wa Inna sun cuci ɗanta yana kabari, muka rungume juna muna kuka.

Amma banki ba ya karɓar kuka. Wata ɗaya suka ba ni, ko in biya abin da ya taru, ko in kwashe kayana. Ban da abin sayarwa sai motar.

Dogo ya kawo mai saye. Ya yaye zanen, ya ce, "Matarmu, wannan tsohuwa ai ta girme ki. Bari in leƙa cikinta kada ta ba mu kunya." Ya shimfiɗa kwali ya shige yana fito.

Can sai fiton ya tsaya.

Ya leƙo, ya ce wa mai saye ya je sai gobe. Da mutumin ya fita, ya ce, "Zo ki durƙusa nan."

Ya haska mini da wayarsa. Tiyon birki ne, an tsaga shi da reza, saura kaɗan ya rabu.

"Wannan ba tsufa ba ne, ba ɓera ba ne. Mai yin nan ya san aiki. A tsakar gida ba zai nuna ba, sai kin taka da ƙarfi a gangare ya fashe. Wa kike gaba da shi?"

Na fara lissafo mutane. Maƙwabciyar da muka yi cacar baki kan kwata, telar da na ƙwace wa ɗinkin makaranta. Dogo ya matso da hasken wayar. Ya sa babban yatsa ya goge ƙurar da ke kan ƙarfen da ya riƙe tiyon.

Dab da tsagar, ga ɗigon rawayan fenti kamar ƙwayar wake.